Laifin Tsohon Mazubi

Asabar ce kaɗai ranar hutuna, kuma ita Baba ya zaɓa mu narka darma. Kwana shida ina tsaye a bayan kanta a shagon magani, ina ƙirga ƙwayoyi ina sauraron ciwon mutane, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya fara yi mini gardama, amma ƙarfe bakwai na safe ga ni a garejinsa da ɗan sikelin shagonmu a jaka. Ko karyawa ban yi ba, kuma babu wanda ya tambaye ni.

Bari in faɗi abin da ya kai mu nan. Baba tsohon ma'aikacin gandun daji ne, shekara talatin da ɗaya ya yi kafin ya yi ritaya. Yana da bindigarsa ta kansa, da lasisin da bai taɓa bari ya ƙare ko da kwana ɗaya ba. Gidansa a ƙarshen gari yake, inda lambuna suka fara, kuma idan aladun daji suka addabi masu lambu shi ake kira. Shi yake zuba harsashinsa da kansa: ya narka darma, ya tsiyaya ta a mazubi, wato wani ƙarfe mai baki biyu da mariƙin katako, da ramin harsashi a tsakiya, sannan ya ɗura a kwanso. Tun ina yarinya nake jin warin nan a rigarsa.

Sati uku kafin wannan Asabar ɗin, da sassafe, ya harbi wani alade a bakin shingen maƙwabcinsa. Aladen ya yi tafiyarsa lafiya lau. Harsashin ya huda tankin ruwan maƙwabcin, taku goma sha biyar daga inda aladen yake, a daidai lokacin da matar gidan ta sunkuya a famfon tankin da bokiti. Ruwa ne ya zubo mata a gadon baya. Na je na ga hujin da idona, na auna da hannuna daga inda kanta yake, sai na nemi wuri na zauna.

Maƙwabcin, wanda muke kira Mai Lambu, bai je wurin Baba ba, shago ya same ni. Ya jira har layi ya ƙare sannan ya matso.

“Ɗiyata, ba rigima na zo yi ba,” ya ce. “Mahaifinki ya tsare mini lambu fiye da shekara goma. Amma matata har yau ba ta iya zuwa famfo ita kaɗai. Kafin ƙarshen wata in ji bindigar nan ta bar gidan. In ba haka ba, dole in je in faɗa wa hukuma abin da ya faru, kuma wallahi ba na son haka.”

Da na kai wa Baba maganar, ko gezau bai yi ba. Ya ce laifin mazubi ne. Ya tsufa, in ji shi, bakinsa ba ya haɗuwa daidai, harsashi na fitowa da ɗan kunne a gefe, in ya shiga iska sai ya karkace. Wannan shi ne kuskure na uku a shekara ɗaya, kuma duk ukun mazubi ne ya yi su. Na kira ƙanena, direban babbar mota ne, rabonsa da gida wata bakwai. Ya ce, “Yaya, ki lallaɓa shi mana, kin san halin tsofaffi.” Bayan kwana biyar sai ga sabon mazubi ya aiko a cikin kwali. Ƙaunar uba ta waya tana da daɗi, ba ta kumbura wa mutum ƙafa.

Baba da kansa ya gindaya sharaɗin. Za mu zuba harsashi da sabon mazubi, mu je mu gwada. In ba su tafi daidai ba, in ɗauki bindigar da hannuna in kai ofis in miƙa. In sun tafi daidai, zai kai wa Mai Lambu takardar gwajin ya gani, kuma kada wanda ya sake tayar masa da zancen. Na yarda. Ba don na yi wani dogon tunani ba, na gaji ne kawai, kuma a raina na tabbata ba za su tafi daidai ba.

Garejin ya daɗe da rabuwa da mota. Tebur ne na katako duk tabon ƙuna, da murhun gas mai baki ɗaya, da wata baƙar tukunyar ƙarfe da ya ara a kicin ɗin mahaifiyarmu tun ina firamare, ita kuma ta ce ya riƙe abarsa. Ya wangale ƙofar gaba da tagar baya saboda hayaƙi. A ƙasa akwai bokitin fenti cike da guntayen darmar da ake maƙala wa ƙafar mota, waɗanda mai faci ke tara masa, da yankakkun tsofaffin bututun ruwa. Ya zuba su a tukunya, muka tsaya muna kallo kamar masu jiran baƙo. Can suka fara sulalewa, datti ya taso sama, ya sa tsohon cokali yana kwashewa yana karkaɗewa a gwangwani, har saman ya koma fes yana ɗaukar ido.

Sabon mazubin kuwa ya sha gata. Ya kwance shi daga takardarsa mai maiƙo, ya wanke shi, ya shanya a rana, ya kunna kyandir ya kara ramin a kan harshen wutar har ya yi baƙi, wai don kada darma ta manne. Tsohon yana can ƙarshen tebur an tura shi bayan gwangwanin ƙusa, mariƙinsa ya yi santsi da baƙi saboda shekarun da ya yi a hannu.

Na ga gumi na tsiyaya daga goshinsa, sai na shiga gida na ɗebo masa ruwa a kofi. Ko taku biyu ban yi cikin garejin ba ya daka mini tsawa.

“Uwata! Fita da ruwan nan!”

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka, ko da yana yi mini tsawa.

“Ruwan sha ne fa, Baba.”

“Ɗigo ɗaya ya faɗa tukunyar nan, sai dai a kwashe mu. Shekara nawa kina gidan nan?”

Ya naɗe tsumma a goshi don gumin ma kada ya ɗiga. Na fita na shanye ruwan da kaina, raina a ɓace, na dawo na zauna a kan jarka. Ina da shekara arba'in da huɗu, ina da 'ya a jami'a, amma a garejin nan har gobe ni yarinya ce mai ɓata aiki.

Na farkon duk sun fito a yamutse, kamar yatsun da suka daɗe a ruwan wanki. Ya ce mazubin bai ɗauki zafi ba tukuna, ya mayar da su tukunya. Ya zuba, ya jira, ya buga marfin da guntun katako, ya buɗe, harsashi ya faɗo a kan tawul da ya ninka. Ya sake. Ya sake. Wajen na ashirin suka fara fitowa sumul, suna ƙyalli, kowanne da zobensa a jiki. Ya ɗauki ɗaya da filaya ya ɗaga shi sama yana murmushi, irin murmushin da rabona da gani tun kafin a rufe mahaifiyarmu.

“Kin gani? Babu kunne. Wannan shi ne aiki.”

Na ce na gani. Abin da ban faɗa ba shi ne sau uku ludayin da yake zubawa da shi ya kauce wa ramin, darma ta malala a gefen mazubin ta ɗiga a tebur. A na farko ya ce bakin ludayin ne ya lanƙwashe. A na biyu ya ce na tare masa haske, na matsa da jarkata. A na uku sai ya kankare ta daga tebur ya ci gaba.

Azahar ta yi muna nan. Bakina ya cika da ɗanɗanon ƙarfe, bayana kamar ya rabe biyu. Na yi masa mitar da nake yi masa duk shekara, cewa darma guba ce, tana taruwa a jini, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci. Ya ce shekara hamsin tana taruwa, in ta cika ta sanar da shi.

Sai aka zo awo, wanda shi ne dalilin da aka tashe ni da sassafe. Baba ba ya yarda da harsashi don ya yi kyau a ido. Kowanne sai ya hau sikeli, domin a cewarsa wani yana da ɗan rami a ciki wanda ba a gani, sai nauyi ne ke tona shi. Da can da wani tsohon sikeli mai allura yake yi. Wannan karon ya ce in kawo na shagonmu mai lambobi.

“Ke karanta,” ya ce. “Lambobin nan na zamani, kamar ƙwan kwarkwata.”

Lambobin sun kai faɗin ɗan yatsana. Na karanta. Ɗari da goma sha huɗu muka auna, ɗaya bayan ɗaya, yana ɗorawa ina faɗa, wanda ya yi sama ko ƙasa ya koma bokiti. Talatin da shida suka tsira. A cikinsu ya mirgina kowanne a tafin hannu, ya bi gindinsa da farce, ya ware goma. Na tambaye shi ko yanzu za mu je mu harba mu huta. Ya kalle ni kamar na yi saɓo. Sai sun kwana bakwai sun zauna, in ji shi, kuma ɗurin kwanso ba aikin gaggawa ba ne, shi kaɗai yake yinsa, ƙofa a rufe. Asabar mai zuwa ke nan. Wata kuma zai ƙare ran Talata.

A cikin satin ƙanena ya kira sau biyu yana tambayar ko mazubin ya yi. Na ce ya yi, har ya gaishe shi. Mai Lambu ya wuce ta gaban shago ran Alhamis, bai shigo ba, ya dai ɗaga mini hannu. Na gwammace ya shigo ya zage ni.

Akwai wani tsohon wurin fasa dutse a bayan gari, an daina aiki a cikinsa tun da daɗewa. Rami ne mai faɗi da bangon dutse a ƙarshensa, nan masu lasisi ke zuwa gwajin bindiga, domin duk abin da ya kauce bango ne zai tare shi. Na tuƙa mu a 'yar motata, bindigar tana kwance a jakarta a kujerar baya. But ɗin motar kuwa Baba ya cika shi da kaya tun kafin in iso, ban ma duba ba. Sai da muka tsaya na ga buhunan yashi huɗu, da tebur mai naɗewa, da wani katako mai kama da kwale-kwale da ƙusoshin ɗaurewa a gefe. Ni na yi dakon yashin. Shi yana da ciwon baya, ni kuma nawa bayan na gwamnati ne.

Ya sa na auna taku ɗari zuwa bango, na kafa allo, na manna farar takarda mai baƙin da'ira a tsakiya. Da na dawo na tarar ya kwantar da bindigar a cikin katakon nan, ya ɗaure ta gaba da baya, ya danne komai da buhunan yashi har ba ta ko motsi.

“Wannan kuma fa?” na ce.

“Gadon gwaji. Ni na sassaƙa shi. Zo ki leƙa nan, ki daidaita mini tsinken saiti a kan baƙin. Ina buga katakon nan a hankali, ki ce mini in tsaya.”

Na leƙa, yana bugawa, har tsinken ya zauna a tsakiyar da'irar. Na ce ya tsaya. Sai a lokacin abin ya faɗo mini.

“Baba, tsaya. Ba a kafaɗa za ka harba ba?”

“A kafaɗa ake gwajin harsashi? In ya kauce, wa zai san ko shi ne ko numfashin mutum ne? Sai an cire mutum daga ciki. Haka nake yi tun ba a haife ki ba.”

“To ai in an cire mutum, me muka zo yi? Ni na saita, katako ya riƙe, kai sai jan kunama kawai!”

“Me muka yi da ke?” ya ce, ko ɗaga murya bai yi ba. “Na ce in harsashi ya tafi daidai. Kika ce to.”

Haka na ce. Na tsaya ina maimaita maganar a raina, ina neman inda zan kama, babu. Haushi ya turnuƙe ni, haushinsa da haushin kaina. Asabar biyu, da dakon yashi, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, ashe duk don in taya shi ya ci ni da yaƙi ne. Na tura audugar da ya ba ni a kunne, na koma bayansa na zauna a kan dutse.

Ya harba biyar. Tsakanin kowanne sai ya jira bututun ya huce, ya sa ni in sake leƙawa in tabbatar tsinken bai gusa ba. Ƙarar tana dukan bangon ta dawo, tsuntsaye suka watse tun a ta farko ba su sake dawowa ba. Bayan ta biyar ya zare sakatar bindigar, ƙarfen da in babu shi ba ta tashi, ya ajiye a tebur, ya ce in je in ɗauko.

Huji biyar, duk a cikin baƙin, tafin hannuna ya rufe su har da saura. Na kawo masa. Ya kai takardar kusa da fuskarsa, ya juya ta wajen rana, ya bi hujin da ɗan yatsa yana ƙirgawa a fili.

“Biyar,” ya ce. “Alhamdu lillahi. Na faɗa muku mazubi ne, kuka mai da ni mahaukaci. Gobe zan kai wa mutumin nan ya gani.”

Ina tunanin Talata, da fuskar Mai Lambu in aka miƙa masa takarda a maimakon abin da ya roƙa. Ina tunanin motar hukuma a ƙofar gidan Baba, mutanen unguwa na leƙe, da wani yaro ɗan sanda da bai kai sa'an ƙanena ba yana karɓar bindigar daga hannunsa. Na tashi na kama buhun yashi na farko.

“Ajiye,” ya ce. “Ba mu gama ba.”

Ya sa hannu a aljihun tsohuwar rigarsa ta aiki ya fito da gwangwanin alewa. A ciki akwai wasu biyar, sun ɗan dushe.

“Na tsohon mazubi ne. Ragowar waɗanda na zuba kafin abin nan ya faru.”

“Me za ka yi da su?”

“Ba a gwada sabo shi kaɗai. Sai an harba tsohon a gefensa, rana ɗaya, iska ɗaya, ɗuri ɗaya. In ba haka ba, me ka gwada? Takarda biyu zan kai masa. Ya ga wadda ta watse, ya ga wadda ta haɗu. Je ki manna wata.”

Na kalle shi ko zan ga wani abu a fuskarsa. Babu komai sai gamsuwar mutumin da ke yin aikinsa yadda ya saba. Shi fa ya gaskata. Da gaske ya gaskata cewa ƙarfen nan ne ya ci amanarsa, kuma ya zo da shaida ne don ya kunyata shi a gaban jama'a. Da wayo yake yi, da ya bar gwangwanin a gida, ya riga ya ci. Abin da ya hana shi shi ne bai iya rabin aiki ba.

Na je na manna takarda. Na dawo na leƙa, tsinken yana nan inda yake. Ba zan yi ƙarya ba, a wannan lokacin fata nake su haɗu. Ina so in huta. Ina so in daina zabura duk lokacin da wayata ta yi ƙara da sassafe.

Ya harba biyar ɗin, da jiran nan nasa a tsakani. Ya zare sakata.

Na nufi allon. Tun daga taku goma na hango. Babu huji biyar a takardar, huji ɗaya ne babba mai yagaggen baki, da wani ƙarami a manne da shi. Sun fi na sabon mazubin haɗuwa. Tsohon ƙarfen da aka tura bayan gwangwanin ƙusa bai taɓa yin laifin komai ba.

Na cire takardar na juyo. Daga can na hango shi tsaye a bakin tebur, ɗan ƙaramin tsoho a cikin rigar da ta yi masa yawa, ya kare ido da tafin hannu yana jirana. Ba ni yake kallo ba. Wani farin dutse yake kallo, can hagu da ni, yana yi masa murmushi.

Abin da na so na samu, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. Na ninke takardar huɗu na tura a aljihun jakata. Ban san me nake nufin yi da Talata ba, ban san me zan gaya wa Mai Lambu ba. Na dai san ba ni zan faɗa masa ba.

“Yaya?” ya ce, da ya ji takuna.

“Sun watse, Baba. Kamar yadda ka ce. Biyu ma ba su taɓa takardar ba.”

“Madalla. Kawo.”

“Ai ta yage wajen cirewa.”

“Kawo, Uwata.”

Na miƙa masa. Ya warware ta a kan tebur ya shafe ninkin da gefen hannu. Wannan karon bai kai ta kusa da fuska ba. Ya ɗora babban yatsa yana lalube daga gefe zuwa gefe, yana neman watsattsun hujin da na ce, layi bayan layi, har yatsan ya faɗa cikin babban. Ya tsaya a nan. Ya zagaya bakin hujin a hankali, yana jin kowace gaɓa. Na ga leɓensa na motsi.

“Huɗu a nan,” ya ce. “Ɗaya ga shi.”

Iska ta ɗaga gefen takardar, ya danne ta. Wata babbar mota ta wuce a kan titi can sama, muka ji ta har ta ɓace.

“Ba ki iya ƙarya ba,” ya ce. “Uwarki ma ba ta iya ba.”

“Baba...”

“Matar nan. Hannu nawa tsakaninta da hujin? Na san kin je kin auna.”

“Ɗaya da rabi.”

Ya gyaɗa kai. “Tankin na gani. Baƙi ne, yana da faɗi, wani abu yana motsi a ƙarƙashinsa. Na ɗauka aladen ne ya matsa.”

Ban sani ba sai a lokacin. Duk sati huɗun nan ina zaton hannunsa ne ya kauce da taku goma sha biyar. Ashe bai kauce da komai ba sai hannu ɗaya da rabi. Na dafa teburin.

Ya kwance ƙusoshin gadon ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga bindigar, ya goge ta da tsumma tun daga baki har gindi, ya saka ta a jakarta ya ja zif. Sakatar kuma ya naɗe ta a hankicinsa ya miƙo mini.

“Sa a jakarki. Kada su kwana wuri ɗaya. Litinin ƙarfe nawa kike tashi?”

“Zan nemi izini da safe.”

“Lasisin yana cikin akwatin ƙarfe. Ki tafi da takardun nan biyu ki nuna musu a ofis, su san bindigar lafiyarta ƙalau. Kada su jefa ta a sito kamar wata ruɓaɓɓiya.”

Na ce to. Na kwashe yashin buhu ɗaya bayan ɗaya, na naɗe tebur, na kai gadon. Bai ce in yi a hankali da komai ba, bai gyara mini ko ɗauri ɗaya ba. Da na dawo zuwa na ƙarshe na same shi a inda na bar shi, jakar bindigar a rataye a kafaɗa, yana fuskantar 'yar hanyar da ta hau zuwa mota. Duwatsu ne a warwatse a kanta, farare a kan farar ƙasa, rana kuma ta take. Sau ɗari ya bi hanyar nan a gabana, yana ce mini in ɗaga ƙafa.

Na wuce gaba, na yi taku uku, ban ji shi a bayana ba.

“Uwata,” ya ce. “Ba ni hannunki.”